Abokan Hulɗar Wake Biyu da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya saba bi ta kasuwar Mile 12 ko ta Iddo da sassafe, ya ga yadda manyan motoci ke sauke buhunan wake daga Arewa, ya san irin dogaron da Legas ta yi a kan wannan amfanin gona. Da shi ake soya ƙosai a bakin titi, da shi ake turara alala, kuma gidaje da yawa da nama ya fi ƙarfin aljihunsu da shi suke samun abinci mai gina jiki. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma kaso mai yawa na abin da ake nomawa yana fitowa ne daga gonakin jigawa da ƙasarsu ta gaji, a hannun manoman da sau da yawa ba sa zuba masa taki ko kaɗan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne, shi kuma furotin ba ya ginuwa sai da sinadarin naitirojin, wato ainihin abin da ƙasar jigawa ta fi rashinsa. Gero da dawa da ke tsaye kusa da shi suna yin rawaya idan ba a ba su taki ba, amma wake yana nan kore shar. Dalilin wannan bambanci yana cikin saiwarsa, inda yake zaune da wasu halittu iri biyu da ido ba ya gani, kuma ina ganin duk mai noma wake, ko a gona ko a cikin buhu a bayan gida, ya kamata ya san su duka biyun, domin an fi ambaton ɗaya ana mantawa da ɗayan.

Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma babu tsiron da zai iya amfani da ita kai tsaye, saboda ƙwayoyinta a ɗaure suke bibbiyu da ɗauri mai ƙarfin gaske. Ɗan Adam bai iya kwance wannan ɗauri da yawa ba sai a farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da Fritz Haber ya nuna hanyar a Jamus a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da ita masana'anta a 1913. Har gobe da wannan hanya ake yin takin yuriya, ciki har da wanda ake yi a masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022. Aikin yana buƙatar iskar gas mai yawa, da zafin da ya haura digiri 400, da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu fiye da sau 100. Wannan aikin ne wata bakteriya da ake kira raizobiya take yi a cikin saiwar wake, da gyaɗa, da gurjiya, da waken suya, a ɗumin ƙasa na yau da kullum, ba tare da injin ko ɗaya ba.

Yadda hulɗar ke farawa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Idan tsiron wake ya ji ƙarancin naitirojin, sai saiwarsa ta riƙa fitar da wasu sinadarai cikin ƙasa. Raizobiyar da ta dace da shi tana gane wannan saƙo, ta mayar da amsa da nata sinadarin, wanda masu bincike a Faransa suka gano ƙirarsa a 1990. Da zarar amsar ta iso, sai siririn gashin da ke jikin saiwa ya lanƙwashe ya rufe bakteriyar, sannan tsiron da kansa ya gina mata ɗan bututu da za ta bi zuwa ciki, a daidai lokacin da naman saiwar ke hayayyafa yana kumbura don ya samar mata wurin zama. Wannan kumburin shi ne gudajin da ake gani manne a saiwar wake. Gyaɗa tata hanyar daban ce, domin bakteriyar tana shiga ne ta 'yar tsagar da ke samuwa a inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga babba, shi ya sa gudajinta suke ƙanana kuma masu yawa, a jere a mahaɗar saiwoyi. Tun a 1886 wasu Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka tabbatar cewa waɗannan gudaji ne ke sa dangin wake samun naitirojin daga iska, kuma a 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar ya raine ta ita kaɗai. Manomanmu kuwa sun riga sun daɗe suna cusa wake tsakanin gero da dawa, suna juya gyaɗa da hatsi, bisa abin da idonsu ya nuna musu shekara da shekaru.

Wanda yake son ya gani da idonsa ba ya buƙatar komai sai ƙaramar wuƙa da kwanon ruwa. A bari tsiron ya kusa fure, a haƙa gefensa a ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya, kada a fizge shi, domin fizga tana barin yawancin gudajin a cikin ƙasa. A wanke saiwar a hankali, a ciri guda ɗaya a raba shi biyu. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, to yana aiki. Idan fari ne, ko dai bai ƙosa ba ko kuma bakteriyar da ke ciki ba ta tsinana komai. Idan ya koma kore ko ya yi baƙi-baƙi, ya tsufa ya daina. Wannan jan launi yana da dalili mai ban sha'awa. Sinadarin da bakteriyar ke amfani da shi wajen kwance naitirojin yana lalacewa idan iskar oksijin ta taɓa shi, alhali ita bakteriyar tana buƙatar oksijin ɗin don ta samu ƙarfin yin aikin. Sai tsiron ya samar da wani furotin, ɗan'uwan wanda ke ba jininmu launin ja, wanda ke kama oksijin yana miƙa mata kaɗan-kaɗan daidai gwargwadon buƙata. Ni dai duk lokacin da na yanka gudan wake na ga wannan ja, nakan yi tasbihi, domin matsala ce mai wuyar gaske aka warware ta a wurin da bai kai ƙwayar masara girma ba.

Dangantakar ta yi kama da tsarin maigida da baƙo wanda Hausawan Agege da na sauran zangunan Kudu suka daɗe a kansa: maigida ya ba fatake masauki da abinci da tsaro, su kuma su kawo hajar da shi ba ya iya zuwa ɗaukowa, kowa yana lura da abin da ɗan'uwansa ke kawowa. Tsiron yana ciyar da bakteriyar da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, kuma ciyarwar ba ƙarama ba ce. Saboda tsadarta, tsiron yana ƙayyade yawan gudajin da zai yi, kuma wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan waken suya ya nuna cewa yana rage wa gudan da ba ya kawo naitirojin iskar oksijin, har bakteriyar da ke ciki ta kasa yaɗuwa yadda ya kamata. Daga nan ne za a fahimci abin da ke faruwa idan aka cika wa wake yuriya. Tsiron da ya sami naitirojin a araha a cikin ƙasa ba ya ɓata sukarinsa wajen gina gudaji, sai ya yi ganye jingim, ya yi ta yaɗo, furen ya jinkirta. Manomi ya kashe kuɗi ya sayi abin da da zai samu kyauta, kuma ya hana tsiron yin aikin da aka shuka shi dominsa. Ɗan kaɗan a farkon tsiro, kafin gudajin su fara aiki, yana iya taimakawa a ƙasar da ta lalace ƙwarai, amma iyakarsa ke nan.

Aboki na biyu shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba, kuma a ganina rashin saninsa ne ke sa mutane da yawa su shuka wake su ga bai yi abin da aka ce yana yi ba. Wata irin fumfuna ce ta cikin ƙasa, dangin naman kaza, sai dai ita ba ta fitowa sarari. Masana suna kiran hulɗarta da saiwa maikoraiza, sunan da Albert Frank ya ƙirƙiro a 1885. Zaruruwanta sun fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba. Tana kutsawa cikin saiwar, ta shiga ƙwayoyin namanta ta yi rassa-rassa a ciki, inda musayar ke gudana, sannan ɗaya ɓangaren nata ya bazu cikin ƙasa ya yi nisan santimita da dama daga inda saiwar ta tsaya. Abin da take kawowa mafi muhimmanci shi ne fosfaras. Shi wannan sinadari ba ya tafiya da ruwa cikin ƙasa yadda naitirojin ke yi. Yana manne wa ƙasa, musamman mai tsami inda ƙarfe da alminiyam ke riƙe shi, don haka saiwa takan shanye na kusa da ita cikin ɗan lokaci ta zauna a tsakiyar wurin da ya ƙare, alhali ga shi can ɗan taƙi kaɗan ba ta iya kaiwa. Zaren fumfunar ne ke tsallake wannan tazara ya ɗebo. Yana kuma kawo zinki da tagulla, yana taimaka wa tsiro jure ƙarancin ruwa, yana ɗaure ƙwayoyin ƙasa su dunƙule yadda iska da ruwa za su ratsa. Ladansa sukari ne da maiƙo daga tsiron, wanda a wasu lokuta kan kai kashi 20 cikin ɗari na abin da ganye ya sarrafa.

Inda abokan biyu suka haɗu shi ne a kan fosfaras ɗin nan. Kwance naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi sosai, kuma sinadarin da duk wata halitta ke ajiye ƙarfinta a ciki da fosfaras ake gina shi. Kwance ɗauri ɗaya tak na naitirojin yana cinye guda 16 na wannan sinadari mai ajiye ƙarfi. Saboda haka gudajin saiwa suna cikin sassan tsiro da suka fi ƙishirwar fosfaras. Idan babu shi, ko da raizobiya mai kyau ta cika ƙasar, gudajin za su fito ƙanana, 'yan kaɗan, cikinsu kuma fari. Fumfunar tana ciyar da aikin bakteriyar, bakteriyar tana ba tsiron ganye mai ƙarfi, ganyen kuma shi ke samar da sukarin da ake biyan su biyun. Wannan ne ya sa malaman gona ke ce wa mai wake da mai gyaɗa su nemi takin supa, wanda ke ɗauke da fosfaras, maimakon su ɗora komai a kan yuriya ko kamfa. Ƙasar yankin Arewa tana cikin waɗanda aka sani da ƙarancin fosfaras, kuma fumfuna ba ta ƙirƙirar abin da babu shi, ɗebo wanda ke nan kawai take yi.

Hulɗa da fumfunar ta girmi ta bakteriyar ƙwarai. An ga alamunta a burbushin tsirrai da aka tono a Rhynie ta ƙasar Sikotilan, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 400, kuma a yau mafi yawan nau'o'in tsirran duniya suna yin ta. Gudajin saiwa sun zo ne daga baya can. Da masana suka bi diddigin ƙwayoyin gado, sai suka tarar cewa wasu daga cikin waɗanda ke buɗe wa bakteriya ƙofa su ne dai ke buɗe wa fumfuna, har idan ɗayansu ya lalace tsiron yakan rasa abokan biyu a lokaci guda. Ya kamata a san kuma ba duk dangin wake ne ke yin gudaji ba. Gawo da bagaruwa suna yi, amma tsamiya da tafasa, duk da cewa 'yan wannan dangi ne, ba sa yi.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi taɓa ni, domin ya shafi abin da ke sa manomanmu kuka, wato ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Idan tsiro ya ji yunwar fosfaras, saiwarsa tana fitar da wani sinadari don kiran fumfuna, kuma masu bincike a Japan sun nuna a 2005 cewa wannan sinadari ne ke sa zarenta ya yi rassa ya nufo saiwar. Irin ƙuduji, wanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira, da wannan kiran yake gane cewa ga saiwa a kusa, sai ya tsiro ya manne mata. Tun a 1966 aka fara ware sinadarin daga saiwar auduga a matsayin abin da ke tayar da ƙuduji, kafin a san ainihin amfaninsa ga tsiron. Ke nan gwargwadon yadda ƙasa ta talauce, gwargwadon yadda tsiro ke ɗaga kira, gwargwadon yadda ƙuduji ke amsawa, kuma wannan ya yi daidai da abin da manoma suka daɗe suna faɗa, cewa ƙuduji ciwon gajiyayyar gona ne. Wake yana da nasa nau'in ƙudujin da ke kama shi, daban da na gero da dawa da masara. Amma waken suya da gyaɗa da auduga suna iya tayar da irin ƙudujin hatsi ya tsiro ya rasa inda zai kama ya mutu, wanda yake ƙarin dalili ne na juya shuka.

A nan Legas, waɗanda wannan magana ta fi shafa su ne 'yan'uwanmu masu lambu a wajen Ojo da Iyana Iba da sauran filayen da gini bai cinye ba tukuna, inda ake noman alayyafo da latas da albasa mai lawashi babu hutu, rani da damina. Wani dattijo ɗan ƙasar Katsina da nake sayen ganye a wurinsa ya taɓa nuna mini layin waken da ya shuka a gefen fangalinsa, ya yi ganye har ya rufe hanya amma babu 'ya'yan kirki. Na ce, “Baba, me kuke zuba wa wurin nan?” Ya ce, “Ɗana, kashin kaji ne, buhu-buhu, duk bayan yanka, sai kuma ɗan yuriya don ganye ya yi kyau.” Da muka haƙo tsiro ɗaya muka wanke, gudajin ba su taka kara sun karya ba, kuma a wasu saiwoyin akwai kumburi na daban, wanda ya sa shi tsammanin ko su ne ake magana. Bambancin yana da sauƙin ganewa: gudan raizobiya a gefen saiwa yake manne, ana iya cire shi da farce, shi kuwa kumburin da tsutsar ƙasa ke haddasawa jikin saiwar ne da kanta ya kumbura ya karkace, ba ya ciruwa, kuma cuta ce da ke yawaita a ƙasa mai yashi da ake noman kayan lambu a kai a kai. Ƙasar lambun tasa ta ƙoshi da naitirojin da fosfaras daga kashin kaji, don haka waken bai ga dalilin ciyar da kowane aboki ba. Bugu da ƙari, alayyafo da kabeji suna cikin tsirarun tsirran da ba sa ƙulla hulɗar kirki da fumfunar nan, ita kuma ba ta iya rayuwa ta hayayyafa sai a jikin saiwa mai rai, don haka wurin da aka daɗe ana maimaita su yawanta yakan ragu. Ga kuma ruwan Yuni da Yuli da ke kwanciya a ƙasa, wanda ke toshe wa gudaji iska su ruɓe. Mai son wake a irin wannan wuri sai ya tayar da kunya mai tsayi, ya zaɓi gefen da bai sha taki da yawa ba, ya rage yawan kaftu da ke tsinka zaruruwan fumfuna, ya kuma sa masara ko kuɓewa cikin juyin shukarsa don su riƙe ta.

Wake bai cika zaɓen abokin hulɗa ba, yana karɓar raizobiya iri-iri da ke cikin ƙasarmu tun asali. Waken suya, da yake baƙo ne daga gabashin Asiya, ya fi tsantseni, kuma wannan ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da irin da ke iya hulɗa da bakteriyar gida, sannan daga baya ta fara sarrafa garin bakteriya mai suna NoduMax da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Abu ne mai rai, don haka ba a barinsa a rana ko a cikin mota mai zafi, kuma irin da aka cuɗa a inuwa ake shanya shi a shuka shi a ranar. Ƙasar Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken suya, da wannan hanya take noma kusan dukkansa ba tare da takin naitirojin ba, kuma a 2025 aka ba masaniyarsu Mariangela Hungria babbar kyautar abinci ta duniya saboda aikinta a wannan fanni.

Abin da nake son a yi hattara da shi shi ne maganar da ake yawan yi cewa wake yana gyara gona, kamar shuka shi kaɗai ya wadatar. Mafi yawan naitirojin da gudaji suka tara yana ƙarewa ne a cikin ƙwaya, saura kuma a ganye da kara. Ƙwayar tana shiga buhu ta taho Legas. Harawar ma ana ɗaure ta a loda a mota, ta biyo raguna zuwa kasuwannin dabbobi irin su Oko-Oba, musamman gab da Babbar Sallah, kuma kashin da ragunan suka yi a nan yake zama. Abin da ya rage wa gonar can Arewa shi ne saiwa da gudaji da ganyen da ya kaɗe, idan ma ba a tuge tsiron da saiwarsa ba. Naitirojin dai iska za ta sake bayarwa baɗi, amma fosfaras ɗin da fumfuna ta ɗebo ya tafi cikin buhu ba shi da hanyar dawowa sai an mayar da shi da hannu, ta takin supa ko takin gargajiya. Saboda haka idan ina magana da 'yan'uwana da ke noma a gida, shawarata ita ce a yanke harawar wake daga gindi a bar saiwa a ƙasa, a daina ƙona sauran kara da ganye, a ciyar da dabbobin gida da wani kaso na harawar a kwashe takinsu a mayar gonar da ta fito, kuma idan kuɗin taki bai kai na buhu biyu ba, to rabon wake da gyaɗa ya zama supa, yuriyar a bar wa masara da dawa da za su biyo bayansu.